Iskar da Ba Ta Isa Ƙasan Rijiya Ba

A shekararta ta uku a sashen nazarin harsuna na Jami'ar Abdu Mumuni da ke Yamai, wata ɗaliba ƴar ƙasar Damagaram ta tsinci kanta tana tafinta a wurin da babu malamin da zai duba aikinta ya ba ta maki. Ɗaki ne na wani asibiti a babban birni. A gefe ɗaya akwai likita, matashi mai ladabi, wanda Faransanci da Zabarmanci suka zauna a bakinsa, amma Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa da ciniki ba. A ɗaya gefen mahaifinta ne kwance a kan gado, dattijon da ya yi shekara arba'in yana ginin rijiya a ƙauyukan Damagaram da Damargu, wanda bai taɓa zama a bencin lakwal ba. Ƙanensa da ƙanwarsa, wato baffan yarinyar da gwaggonta, suna zaune a tabarma. Duk idanu suna kanta, domin ita ce ƴar bokon gidan, kuma kowa ya san ilimin harshe take karanta.

Wata biyar kafin wannan rana ciwon ya fara nuna kansa. Dattijon ya soma ramewa ba tare da dalili ba, abinci ya fita daga ransa, wani ciwo ya riƙa tasowa daga saman ciki yana ratsawa zuwa baya, musamman da dare. Da idanunsa suka yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu, jikinsa ya kama ƙaiƙayi, sai gida ya yanke hukunci cewa shawara ce, aka shiga jiƙe-jiƙe da dafe-dafe. Sai da ƙarfinsa ya ƙare aka kai shi asibiti a Damagaram. Can aka haska cikinsa, aka ce a wuce da shi Yamai, tafiyar kilomita kusan 900. A Yamai aka ɗauki hoton sikana, kuma sakamakon hoton ne likita ya zo bayyanawa.

Kalmomi uku suka tsaya wa ɗalibar a wuya a cikin bayanin nan. Ta farko ita ce pancréas. Ta san hanta, ta san huhu da ƙoda da tumbi da hanji da matsarmama, kamar yadda duk yarinyar da ta taɓa gyaran kayan ciki ranar Layya ta san su. Kalmar saifa ta zo har bakin leɓenta, ta mai da ita, domin ta tuna saifa ita ce Faransawa ke kira rate, gaɓa ce dabam mai aiki dabam. Sai ta koma ga kwatance. Ta ce wata tsoka ce mai laushi, tsawonta kamar santimita 15, tana kwance a bayan tumbi, ita ke zuba ruwan narkar da abinci cikin hanji, ita ke kuma fitar da insulin mai daidaita sukarin jini. Ta ce likitoci suna kiran ta pankiriya. Daga baya ta gano sunan ma kwatance ne, daga Girkanci, pan da kreas, wato nama zalla, gaɓar da ba ƙashi ba guringuntsi. Ciwon ya tsiro a kan pankiriyar, daidai inda bututun ruwan matsarmama ke ratsawa, ya matse shi. Abin da ya rina idanun dattijon ke nan. Shawarar gaskiya ce, sai dai alama ce kawai ta wani abu da ke bayanta.

Kalma ta biyu ba ta rasa Hausarta ba. Hausa tana da ciwon daji, tana da sankara, ta kuma ari kansa. Amma da likita ya furta cancer, baffanta, wanda ya yi zaman Yamai har kunnensa ya saba da kalmar, ya ɗaga ido ya girgiza mata kai kaɗan. Ta fahimta. Ta ce wa mahaifinta an ga ƙari a jikin tsokar, kuma ƙarin ya taɓa hanta. Ba ta yi ƙarya ba, ta dai zaɓi kalmar da ta fi kowace sauƙin haɗiya.

Kalma ta uku ita ta jawo abin da ya biyo baya. Ɗalibar ce da kanta ta tambayi likita, da Faransanci, me ya sa ciwon ya yi saurin kai wa hanta, me ya sa kuma yake magana a kan magani da sanyin murya. Likitan ya ce irin wannan ciwo yana da wata ɗabi'a: jijiyoyin jini kaɗan ne ke ratsa shi, cikinsa yana zaune a halin da suke kira hypoxie, kuma wannan hali yana sa shi taurin kai ga magani, yana kuma ingiza shi ya bazu. Mahaifinta ya tambaye ta me aka ce. Ta juya, ta ce, “Baba, ya ce ƙarin ba ya samun iska.”

Jimla ce mai kyau a nahawu, gajera, kowa ya ji ta. Kafin la'asar ta haifi fassara biyu. Gwaggo ta ji iska, hankalinta ya tafi ga iskoki. Mutumin da ya shekara arba'in yana shiga ramuka masu duhu a dokar daji, a ganinta, ba abin mamaki ba ne a ce ya taka abin da bai kamata ya taka ba, ga shi har likitan nasara ya ambaci iska da bakinsa. Ta fara maganar a koma gida a nemi masu abin. Baffa kuma ya ji iska, idonsa ya sauka a kan tukunyar oksijin da aka jingina kusa da gadon wani majinyaci a ɗakin. Lissafinsa miƙaƙƙe ne: abin da ya rasa iska, a ba shi iska. A daren nan ya buga waya gida ya ce a nemi mai sayen san noma, in kuɗin bai isa ba a jinginar da gonar fadama, za a sayi oksijin ko nawa ne.

Ɗalibar ta kwana tana juya jimlarta. Ta san darasin da aka koya mata a aji game da kalma mai ma'ana da yawa, amma ba ta taɓa ganin darasin yana shirin cinye gonar gidansu ba. Iska a Hausa tana ɗauke da abin da ke kaɗa itace, da abin da ake shaƙa, da halittun ɓoye, har da shashanci idan aka ce ɗan iska. A zancen yau da kullum mahallin magana ne ke tace ma'anar da ake nufi. A bakin gadon majinyaci kuwa, inda tsoro ya cika zukata, kowa yana tace ta da abin da ya fi tsoro ko abin da ya fi fata. Ta lura da kuskure na biyu: hypo a Girkanci ƙasa da ƙima yake nufi, ƙaranci ke nan, ita kuwa ta fassara shi da rashi. Kuskure na uku ya fi su zurfi, domin yana cikin abin da jimlar ke ɗauke da shi ba tare da ta furta ba. Idan Bahaushe ya ce shuka ba ta samun ruwa, ya riga ya faɗi maganin, a ba ta ruwa. Siffar jimlarta ta yi wa baffa alkawarin da likita bai yi ba.

Akwai kuma tambayar da ta kasa amsa wa kanta. Idan ciwon yana cikin ƙarancin abin da kowane mai rai yake buƙata, me ya hana shi mutuwa? Ta yaya ƙaranci zai ƙara masa ƙarfi? Ta gane ba za ta iya gyara fassarar ba sai ta fahimci abin da take fassarawa. Ta nemi wata ƙawarta da ke shekarun ƙarshe a tsangayar koyon aikin likita, suka yi dare uku suna zama a barandar asibitin bayan majinyata sun yi barci, ɗaya tana bayani da Faransanci, ɗaya tana mai da shi Hausa a littafinta, tana tsayar da ita duk inda Hausar ta ƙi zama.

Abin da ta fara koya shi ne tazarar da ke tsakanin iskar da ake shaƙa da wadda ke isa tsoka. Oksijin kashi 21 ne cikin 100 na iskar duniya. Huhu yana ɗora shi a kan jini, jini yana kai shi ta manyan jijiyoyi zuwa ƙanana, har zuwa siraran da ido ba ya gani. Daga nan babu mai ɗaukar sa, sai ya tsiyaya da kansa zuwa ƙwayoyin jiki, kuma ba ya yin nisa. A 1955 wasu masana biyu a Ingila, Thomlinson da Gray, sun duba yankakkun tsokar kansar huhu a madubin ƙara girma, suka ga ƙwayoyin da ke kusa da hanyar jini suna raye, waɗanda suka yi nisan da ya wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin goma na milimita kuwa sun mutu. Tsakanin rayayyu da matattu akwai wani sashe na ƙwayoyin da ke samun kaɗan, ba su ƙoshi ba, ba su mutu ba. Waɗannan su ne masu haɗari.

A kansar pankiriya wannan sashe yana da faɗi ƙwarai. A shekarar 2000 likitoci a Jami'ar Stanford ta Amurka sun soka siririyar allura mai auna oksijin a cikin ciwon majinyata 7 lokacin da ake musu tiyata. A duka bakwai ɗin sun tarar da ƙaranci mai tsanani a cikin ciwon, alhali lafiyayyar tsokar pankiriya da ke maƙwabtaka da shi tana samun rabonta yadda ya kamata. Dalilin yana cikin ginin ciwon. A mafi yawan lokuta ƙwayoyin kansar su ne ƴan tsiraru a cikin dunƙulen. Sauran wata saƙa ce mai tauri kamar tabon tsohon rauni. Wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro da ke zaune a pankiriya, waɗanda a lokacin lafiya suke kwance shiru, su ne ciwon ke tayarwa su riƙa zuba zaren kolajen da wani abu mai yauƙi da ke shan ruwa yana kumbura. Matsi ya yi yawa a ciki, siraran jijiyoyin jini su lanƙwashe su rufe. Jini ya ragu, oksijin ya ragu. Ƙarancin kuma ya ƙara zaburar da masu saƙar, su ƙara saƙa, hanya ta ƙara toshewa.

Yadda ƙwayar jiki ke sanin oksijin ya ragu shi ne binciken da ya ba William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2019. Kowace ƙwaya tana ƙera wani furotin da ake kira HIF ba dare ba rana, tana kuma rushe shi cikin ƴan mintoci. Masu yi masa alamar rushewa ba sa iya aiki sai da oksijin. Muddin akwai wadata, HIF ba ya taruwa. Da zarar oksijin ya yi ƙasa, masu alamar su tsaya, HIF ya taru, ya shiga cibiyar ƙwayar inda umarnin gado yake ajiye, ya buɗe ɗaruruwan umarnin da ke rufe. A lafiyayyen jiki wannan rahama ce. Da ita jiki ke ƙara jini idan mutum ya hau tsauni mai tsawo, da ita rauni ke tsiro da sababbin jijiyoyi ya warke. Ciwon kansa yana amfani da wannan tsari ɗin ne don bukatar kansa.

Umarnin farko da ke buɗewa na sauya abinci ne. Ƙwayar da ke da oksijin tana ƙone sukari ƙurmus ta sami ƙarfi mai yawa. Wadda ba ta da shi tana tsaga sukarin rabi kawai, ta sami ɗan abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, ta zubar da saura a matsayin tsami, irin tsamin da ke cikin nono. Don ta cike giɓin sai ta buɗe ƙofofi ta riƙa zuƙar sukari fiye da maƙwabtanta. Tun a shekarun 1920 Otto Warburg na Jamus ya lura ƙwayoyin kansa suna son wannan hanya ko da oksijin yana nan, ƙarancinsa kuwa yana ƙara tura su cikinta. Tsamin da suke zubarwa yana raunana sojojin jiki masu farautar baƙin ƙwayoyi, yana kuma taimakawa wajen cinye saƙar da ke kewaye. A nan ɗalibar ta ajiye alƙalami ta yi murmushin farko cikin kwanaki, domin ta tuna asalin kalmar. Lavoisier na Faransa ne ya raɗa sunan oxygène a ƙarni na 18, ma'anarsa mai haifar da tsami, bisa zaton da ya yi cewa kowane abu mai tsami yana ɗauke da shi. Zaton bai zama daidai ba, sunan ya zauna. Ga shi a cikin ciwon mahaifinta ƙarancinsa ne ke haifar da tsamin.

Umarni na biyu shi ne ya amsa tambayarta ta asali. Ƙwayoyin da ke shimfiɗe a bututun pankiriya, inda mafi yawan wannan ciwo ke farawa, a jere suke kamar tubalin gini, kowace manne da ƴar'uwarta da wani furotin mai aikin danƙo. Binciken da aka yi a kan ƙwayoyin da ake reno a ɗakin gwaji da kuma a kan ɓeraye ya nuna cewa idan oksijin ya yi ƙasa, ƙwayar kansa tana rage wannan danƙo, ta sauya siffa daga tubali zuwa abu mai tsawo da ke iya rarrafe, ta fitar da sinadarai masu huda saƙar da ke gabanta. Wani sinadarin kuma yana ɗaure zaren kolajen ya miƙe ya yi tauri, ya zama kamar turba. Ƙwayar ta bi turbar har ta sami jijiya ta kutsa ciki. Jinin da ke fita daga pankiriya kuwa hanta yake fara zuwa ta wata babbar jijiya, shi ya sa hanta ce wurin da wannan ciwo ya fi yawan sauka. Galibin ƙwayoyin da suka shiga jini suna hallaka a hanya. Waɗanda suka tsira sukan kasance cikin waɗanda wuya ta riga ta horar.

Haka nan ƙarancin yake dakushe magani. Maganin da ake ɗurawa ta jijiya jini ne ke kai shi, inda jini bai isa ba shi ma ba ya isa da yawa. Hasken da ake ƙona ciwo da shi, wanda Nijar ta fara samun na'urarsa a Yamai a 2021, yana buƙatar oksijin kafin ɓarnar da yake wa ƙwayar kansa ta tabbata, har ƙwayar da ke cikin tsananin ƙaranci takan jure kusan ninki uku na abin da zai kashe mai wadata. Tiyata ce hanyar da ke ba da fatan warkewa, ita kuwa sai ciwon bai bazu ba. Ko a ƙasashen da suka fi kowa kayan aiki, majinyaci ɗaya ne cikin biyar ko ƙasa da haka ake tararwa a wannan mataki, domin gaɓar a ɓoye take kuma ciwon ba ya yin magana da wuri.

Ɗalibar ta yi tambayar baffa a madadinsa: to, me zai hana a ƙara wa majinyacin oksijin? Ƙawarta ta kai ta bakin gadon, ta maƙala wa dattijon ƴar na'urar nan a yatsa yana barci. Lambar ta nuna jininsa cike yake da oksijin kusan iyakar abin da zai iya ɗauka. Huhunsa lafiya lau. Matsalar tana can ciki, inda hanya ta rufe. Ta kuma gaya mata cewa masana sun gwada dabarun da suka fi tukunya nisa. An gwada maganin hana ciwon tsiro da sababbin jijiyoyi, bai ƙara wa masu kansar pankiriya kwana ba. An ƙera wani magani mai suna evofosfamide wanda ba ya zama dafi sai ya shiga inda oksijin ya yi ƙaranci, aka gwada shi a kan ɗaruruwan majinyata, a ƙarshen 2015 aka sanar bai kai ga abin da aka sa rai ba. An gwada narkar da abin nan mai yauƙi don jijiyoyi su buɗe, shi ma babban gwajinsa ya faɗi a 2019. A 2014 ma wasu bincike biyu a kan ɓeraye sun nuna idan aka kawar da saƙar da yawa ciwon yakan ƙara zafi, alamar cewa katangar da ke hana magani shiga tana kuma tsare wani abu daga fita. Bincike bai tsaya ba, amma babu abin da san noma ko gonar fadama za su iya saya a wannan mako.

Da safiyar rana ta huɗu, kafin baffa da gwaggo su dawo daga masauki, ta zauna a bakin gadon da littafinta a cinya. Ta fara da cewa ta yi kuskure a maganar da ta faɗa ranar nan, tana so ta gyara. Ta ce iskar da likita yake nufi wani sashe ne na iskar numfashi, wanda jini ke rarrabawa. Ta ce ƙirjinsa yana samu, jininsa yana ɗauka, amma ciwon ya gina wa kansa katanga ta yadda abin ba ya isa tsakiyarsa. Tana cikin neman misali dattijon ya ɗaga hannu.

“Uwata,” in ji shi, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mata, “wannan ai aikina ne kike gaya mini. Rijiya in ta wuce gaba ashirin, kafin mutum ya sauka sai mun zura fitila da igiya. In harshen wutar ya ƙanƙance, ko ya mutu, ba mai shiga. A bakin rijiyar iska tana cire wa mutum hula, a ƙasa kuwa ƙato yana haki kamar an shaƙe shi. Iskar sama ba ta amfanin na ƙasa sai in akwai hanya.”

Ta ce haka ne, sai dai wannan rijiyar ta rufta daga tsakiya, ba a iya zura komai. Ya yi shiru, sa'an nan ya tambaye ta abin da ita ma ta tambaya, me ya sa abin da ke ƙasan bai mutu ba. Ta ce wasu suna mutuwa, wasu kuma wuya tana koya musu tafiya, su bar wurin su bi jini su sauka a hanta. Ta ce kamar ƴan cin rani.

Ya girgiza kai. “A'a. Ɗan cin rani yana jin ƙamshin damina ya ɗaure kayansa ya komo. Wanda kike faɗi ƙaura ce. Na ga irinta a farin 1984. Garin da rijiyarsa ta ƙafe, gero ya ƙare, mutane ba su zauna sun mutu duka ba. Masu ƙarfin ƙafa suka tashi, inda suka sauka nan suka kafa bukka, har yau ba su koma ba.” Ya dube ta. “Kuma ki daina ce masa ƙari. Tun ranar nan na ga yadda baffanki yake sunkuyar da kai. Daji ne, ko ba shi ba?”

Ta ce shi ne. Ya yi salati a hankali, ya ce Allah ya sa kaffara ce. Ya tambaya ko akwai abin da likita zai iya yi wa ciwon bayan da ƙaiƙayin. Ta ce akwai, za a iya rage su sosai. Ya ce to a yi wannan, sauran a bar wa Mai shi.

Kalmar da likitoci ke amfani da ita ga bazuwar ciwon, métastase, daga Girkanci take, kuma ma'anarta ta asali sauya mazauni. Dattijon bai san haka ba sa'ad da ya ƙi cin rani ya zaɓi ƙaura. Ɗalibar ta sani, ta kuma ga cewa ya riga ta gano abin da ya raba kalmomin Hausar biyu, wato komowa, wanda ita da ta yi shekara uku tana rarrabe ma'anoni a aji ta tsallake.

Da baffa ya shigo, dattijon bai bar wa ƴarsa nauyin bayani ba. Ya ce, “Ka buga waya ka ce a bar san nan a turkensa. Gonar kuma ta marayun gobe ce, kada wanda ya taɓa ta.” Baffa ya fara maganar tukunyar oksijin, yayansa ya ba shi labarin fitila da igiya, cikin kalmomin da su biyun suka sani tun suna samari, lokacin da ƙanen ne ke riƙe igiyar a sama. Baffa ya fita waje ya daɗe. Gwaggo ba ta saki zancen iskokinta gaba ɗaya ba, amma ta yarda cewa ba su likita yake nufi ba, ta koma ga addu'a da tofi, waɗanda ba wanda ya hana ta.

Likitocin sun yi abin da za su iya don sauƙaƙa masa, suka rubuta maganin ciwo, suka sallame shi bisa roƙonsa. Ya koma ƙauyensu a motar safe. Ya ga an kai amfanin gona rumbu, ya raba kayan aikinsa tsakanin yara biyu da ya koya wa sana'a, ya biya wani bashin igiya da ba wanda ya san da shi. Ya rasu cikin sanyin hunturu, a ɗakinsa.

A asibitocin ƙasar nan, inda takarda da karatun likita suke cikin Faransanci, majinyata kuwa suke tunani da jin tsoro cikin Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamashek ko Barbarci, aikin tafinta yakan faɗa a kan duk wanda ya fi kusa: ɗan rakiya, ko ma'aikacin da ke wucewa, ko yaron da ya yi aji shida. Ɗalibin harshe ba ya tsira daga wannan kira, shi ake fara nema. Ɗalibar ta koma karatu bayan kwana arba'in da littafin nan na baranda a jakarta. Ta ci gaba da cika shi, tana bin unguwar zoma da mahauta da masu jinya tana tambayar yadda suke faɗin abubuwa, tana gwada kowace fassara a kunnen wanda bai yi boko ba kafin ta amince da ita, tana tambayarsa abin da ya ji da abin da zai yi in an gaya masa haka. A ƙarƙashin hypoxie ta soke “rashin iska”, ta rubuta “ƙarancin oksijin a cikin tsoka”, ta ƙara gargaɗi ga mai fassara cewa ya faɗi inda hanyar ta toshe, kada mai sauraro ya nufi kasuwa neman tukunya. A ƙarƙashin métastase ta rubuta “ƙaurar ciwo”.

Ranar da ta gabatar da jerin kalmomin a darasin ƙirƙirar kalmomin fannu, malamin ya tsaya a kan wannan ta biyun. Ya ce ta zauna daram, ya tambaye ta a wane ƙamus ta samo ta, domin a rubuta madogara. Ta ce daga bakin wani maginin rijiya ne na ƙasar Damagaram. Malamin ya ce to ta rubuta hakan, da shekara da wurin da aka ji ta, kamar yadda ake yi wa kowace shaida ta baka. Ta rubuta.